WAIWAYE ADON TAFIYA: Chari Maigumeri, Sojan Da Jamus Da Ingila Suka Rataya Wa Lamba

A garin Lakwaja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, akwai wani barikin soja da ake kira Barikin Chari Maigumeri. Mutane da yawa sun san sunan barikin, amma kaɗan ne za su iya faɗin ko wane ne mai sunan. Wasu sukan zaci wani janar ne na zamanin mulkin soja, wasu kuma su ce tsohon gwamna ne. Alhali kuwa mutumin ya yi shekara 36 cikin kakin Sarkin Ingila bai wuce muƙamin Babban Samanjan bataliya ba, sai ranar da zai ajiye aiki. Abin da ya raba shi da dubban tsararrakinsa shi ne, manyan ƙasashe biyu na Turai waɗanda suka gwabza yaƙi da juna, watau Jamus da Ingila, kowacce ta ba shi lambar yabo saboda jaruntaka a fagen fama. Ta farkon kuwa an ba shi ita ne domin ya yaƙi waɗanda suka zo suka ba shi ta biyun.

Chari mutumin ƙasar Barno ne, kamar yadda sunansa ya nuna, domin Magumeri gari ne da ke arewa maso yamma da Maiduguri. Ya tashi ne a lokacin da ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga ɓarnar Rabeh ba. Bayan da Faransawa suka kashe Rabeh a Kusuri cikin 1900, sai Turawa suka zauna suka yanyanka tsohuwar daular Barno kashi uku: Ingila ta ɗauki kaso mafi girma, Faransa ta ɗauki nata, Dikwa da kewayenta kuwa suka faɗa hannun Jamus, aka haɗa su da ƙasar Kamaru. Ba wanda ya tambayi talakan Barno inda yake so. Saboda haka saurayin da ke neman abin yi a wancan zamani, idan ya ga ana ɗaukar soja, ana ba da kaki da abinci da albashi, ba lalle ne ya tsaya tambayar tutar wane sarki ce ke kaɗawa a bakin bariki ba. Ta haka Chari ya shiga sojan Jamus a Kamaru yana ɗan saurayi, gab da ɓarkewar yaƙin duniya na ɗaya.

Da yaƙi ya tashi cikin Agustan 1914, babbar matsarar Jamusawa a arewacin Kamaru ita ce Garwa, a bakin Binuwai, gabas da Yola. Sun gina ganuwoyi a kan tuddai, sun haƙa ramuka, sun kewaye su da waya mai ƙaya, sun kuma girke bindigogi masu ruwa. A ƙarshen watan nan rundunar Ingila ta taso daga Yola da niyyar murƙushe wurin cikin dare guda. Ta samu ta kama ganuwa ɗaya, amma da gari ya waye sai Jamusawa da sojojinsu baƙar fata suka yi mata ruwan harsashi, suka fatattake ta. Shugabanta, Laftana Kanar Maclear, ya mutu a nan tare da wasu hafsoshinsa, sauran suka koma Yola a wahalce. Waɗanda suka yi wannan harbi ta kowane gefe galibinsu 'yan ƙasa ne, kuma da yawa daga cikinsu harshe ɗaya suke ji.

Turawan Ingila ba su komo ba sai da suka shirya sosai. Cikin 1915 Kanar Cunliffe ya haɗa kai da wata rundunar Faransa, aka kuma ciro wata igwa daga jirgin ruwan yaƙi, aka jawo ta ta Kwara da Binuwai har kusa da Garwa. Daga ƙarshen Mayu aka shiga luguden wuta. Sojojin da ke cikin ganuwa ba su taɓa ganin irin wannan ba, hankalinsu ya tashi, wasu suka yi ƙoƙarin ƙetare Binuwai cikin dare, ruwa ya ci da dama daga cikinsu. Ranar 10 ga Yuni 1915 Kyaftin von Crailsheim ya ɗaga farar tuta. Aka kama Jamusawan da ke wurin da sojoji baƙar fata fiye da 200, Chari yana cikinsu. Dutsen Mora kaɗai ya rage a arewa, shi ma ya miƙa wuya cikin Fabrairun 1916.

Kafin wannan rana Jamusawa sun riga sun ga abin da suka gani a jikin yaron, har sun ba shi lambar yabo saboda yadda ya tsaya a gaban sojojin Ingila. Tarihin sojan Nijeriya ya ambaci lambar da sunan Iron Cross mai daraja ta biyu, lambar baƙin ƙarfe wadda Sarkin Furushiya ya ƙago tun cikin 1813, lokacin yaƙi da Napoliyon. Duk wanda ya san yadda Jamusawa suka riƙe talakawansu a Kamaru, da bulala da aikin tilas, ya san ba mutane ne masu saurin yabon baƙin mutum ba. Idan har suka yaba, to abin ya kai a yaba.

Cikin 1917 sai ga Chari cikin kakin Ingila, a Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma. A nan ne mai karatu zai iya tsayawa ya ce, ashe wannan ba cin amana ba ne? Jiya kana harbin mutane, yau kana tare da su kana harbin iyayengijinka na jiya? Tambayar tana da nauyi, amma tana ɗora wa mutumin kayan da ba nasa ba. Cin amana yana tabbata ne ga wanda ya juya wa ƙasarsa baya, ko ya sayar da abokan yaƙinsa ana tsakiyar fama. Chari bai gudu daga Garwa ba, yana nan har shugabansa ya sallama. Jamus ba ƙasarsa ba ce, Ingila ma haka. Rigimar da ta sa aka kashe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo ba ta shafi kowa a Magumeri ba. Abin da ke tsakaninsa da Turawan nan alkawari ne na aiki, Hausawa kuwa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya yi wa na farko askinsa har aka rushe rumfar, sa'an nan ya karɓi ladan na biyu. Su kansu Turawan Ingila ba su ga aibin abin ba, domin sun ɗauki tsofaffin sojojin Jamus da dama, sun san horonsu, sun kuma ɗanɗana harbinsu.

Sabon aikin ya kai shi Afirka ta Gabas, inda Janar von Lettow-Vorbeck na Jamus yake ta wahalar da rundunonin Ingila a ƙasar da aka sani daga baya da sunan Tanganyika. Birged ɗin Nijeriya ya sha wuya ƙwarai a can. A farkon 1917 damina ta datse hanyoyi a yankin kogin Rufiji, abinci ya yanke, yunwa da zazzaɓi suka yi wa sojoji ɓarna fiye da harsashi. Cikin Oktoba kuma aka yi mummunar arangama a Mahiwa, inda 'yan Nijeriya suka yi hasarar mutane masu yawa. Shi kuwa von Lettow-Vorbeck bai ajiye makami ba sai ranar 25 ga Nuwamba 1918, mako biyu bayan an daina harbi a Turai.

Bayan yaƙi Chari ya zauna a soja, ya yi ta hawa igiya bayan igiya, har cikin 1928 ya zama Babban Samanja na Bataliya ta 3 ta Rejimantin Nijeriya. Wannan muƙami yana bukatar ɗan bayani, domin a kansa labarin ya rataya. A bataliyar wancan zamani hafsoshi duka Turawa ne, da yawansu kuma sukan yi 'yan shekaru kaɗan ne su koma gida, wasu sababbi su zo. Hausa ita ce harshen bariki, da ita ake ba da umurni, da ita ake shari'ar soja, da ita ake zagi a filin fareti, ko da sojan Bazabarme ne ko Batibi ko Babarbare. Sabon laftana da ya sauko daga jirgi bai san harshen ba, bai san mutanen ba, bai san wanda zai tsaya da wanda zai ruga ba. Babban Samanja shi ya sani. Shi ne ke horar da kurata, shi ke raba rigimar matan bariki, shi ke gaya wa Kanar abin da sojoji ke gunaguni a kai tun kafin ya zama tawaye. A fagen yaƙi kuma shi ke tabbatar da cewa harsashi ya isa ga waɗanda ke gaba, kuma fuskarsa ce ƙananan sojoji ke duba idan wuta ta yi zafi. Duk da haka doka ba ta yarda ya ba ko da ƙaramin sajen Bature umurni ba, kuma babu wani mataki a gabansa da zai taka. Chari ya zauna a kan wannan muƙami shekara 25.

Ranar 10 ga Yuni 1940, watau shekara 25 daidai da ranar da aka kama shi a Garwa, Musolini na Italiya ya shiga yaƙin duniya na biyu a gefen Hitila. Italiya tana riƙe da Habasha tun 1936, ga kuma Iritiriya da Somaliya a hannunta. Nan da nan aka kwashi bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na Nijeriya cikin jiragen ruwa zuwa Kenya, aka kira su Birged na 23. Cikin Fabrairun 1941 Janar Cunningham ya ba da umurnin a kutsa Somaliya. Da aka ƙetare kogin Juba sai aka sa 'yan Nijeriya a gaba cikin motoci, ranar 25 ga wata suka shiga Mogadishu, suka tarar da man fetur mai ɗimbin yawa wanda Italiyawa suka gudu suka bari. Da wannan mai suka juya arewa, suka ratsa hamadar Ogaden, suka isa Jijiga ranar 17 ga Maris.

A bayan Jijiga ne ƙasa ta canza. Hanyar Harar tana bi ne ta wata mashiga tsakanin duwatsu da ake kira Marda, Italiyawa kuwa sun kafa igwa da bindigogi masu ruwa a kan tsaunukan da ke kallon hanyar, sun binne nakiyoyi a ƙasa. Ranar 21 ga Maris sojojin Nijeriya suka ƙetare fili tsirara da rana tsaka, suka hau dutsen ana harbinsu, da dare ya yi abokan gaba suka janye. Aka sake gwabzawa a Babile, kafin ƙarshen wata Harar ta faɗi. An lissafa cewa birged ɗin ya ci mil fiye da 1,000 daga Mogadishu zuwa Harar cikin kimanin wata guda, tafiyar da ba a cika samun irinta a tarihin yaƙi ba. Ranar 6 ga Afrilu aka shiga Adis Ababa, ranar 5 ga Mayu Sarki Haile Selassie ya koma gadonsa. A cikin wannan yaƙi na Habasha ne Babban Samanja Chari Maigumeri, wanda a lokacin ya haura shekara 40, ya samu lambar M.M.

Ya kamata a bambance lambobin nan, domin har yanzu akwai gidaje da yawa a ƙasar nan da ke ajiye da lambobin kakanni cikin tsohuwar adaka, ba a san ma'anarsu ba. Lambobin soja iri biyu ne. Akwai na halarta, kamar Tauraron Afirka da Tauraron Burma, waɗanda ake ba duk sojan da ya yi aiki a wancan fagen na tsawon lokacin da aka ƙayyade, ko ya yi harbi ko bai yi ba. Akwai kuma na jaruntaka, waɗanda ba a bayarwa sai ga mutum guda saboda abin da shi kansa ya aikata. M.M. tana cikin na biyun. An ƙago ta cikin Maris 1916 domin sojojin da ba hafsoshi ba, an kuma rubuta a bayanta cewa domin bajinta ce a fagen fama. Hafsa idan ya yi irin wannan aiki, lambar M.C. ake ba shi, domin Turawan Ingila ko a wajen yabon jarumi sai sun raba babba da yaro, kuma ba su daina wannan rabo ba sai cikin 1993. A saman dukkansu akwai V.C., watau Victoria Cross, wadda Sarauniya Biktoriya ta kafa cikin 1856. Ita kam ba ruwanta da muƙami, kuma sau 182 kaɗai aka ba da ita a duk tsawon yaƙin duniya na biyu.

Yadda ake samun lamba shi ne abin lura. Jaruntaka kaɗai ba ta isa ba, sai an gan ta. Bayan an gani kuma sai wani hafsa ya zauna ya rubuta, ya faɗi rana da wuri da abin da aka yi. Takardar ta tafi wurin kwamandan bataliya, daga nan birged, daga nan babbar runduna, kowane mataki yana da ikon ya amince, ko ya rage darajar lambar, ko ya jefar da takardar. Idan V.C. ce ana neman shaidu uku. Sai an gama duk wannan kafin sunan mutum ya fito a jaridar gwamnati ta Landan. To, sojan da ya yi bajintarsa a ƙarshen layi cikin duhu, inda ba Bature, ko wanda hafsansa ya mutu a wannan dare, ko wanda ya yi rashin sa'ar samun hafsa mai ƙyuyar rubutu, ya yi ta ne tsakaninsa da Allah da abokansa. Baƙin soja ba ya rubuta wa ɗan'uwansa takardar yabo, domin ba shi da wannan iko, yawancinsu ma ba su iya boko ba. Saboda haka kowace lamba da aka gani a ƙirjin ɗan Afirka ta tsallake shingaye da yawa kafin ta iso.

Da aka gama da Italiyawa, sai aka juya ga Japanawa. An kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya, daga nan Burma, wadda tsofaffin sojoji ke kira Bama. Kimanin mutum 90,000 ne suka tafi daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Chari ya tafi tare da su. Ƙasa ce ta duwatsu da gora da ruwan sama da matsattsaku, inda mota ba ta shiga, sai a ɗauki harsashi da abinci da sassan igwa a ka, jirgin sama kuma ya jefo guzuri da lema. Cikin Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace tsohon birnin Myohaung. Sunayen wuraren da aka zubar da jini a can su ne aka raɗa wa barikoki bayan an dawo: Dodan da Myohaung da Arakan da Tamandu a Legas, Letmauk a Ibadan, Chindit a Zariya. A Burma an ambaci sunan Chari cikin rahoton yabo na babban kwamanda, alamar wannan kuwa ɗan ganye ne na tagulla da ake maƙalawa a kan ƙyallen lamba. Cikin 1944 kuma aka ba shi lambar B.E.M. saboda daɗewarsa da nagartar aikinsa.

A kwarin Kaladan, inda Runduna ta 81 ta yi yaƙinta, an samu V.C. guda biyu, kuma ya kamata a ji abin da aka yi kafin a same su. Akwai wata ƙungiyar 'yan igwa ta Indiya da aka haɗa da rundunar. A daren 15 ga Disamba 1944 Japanawa suka yi wa wani sashe nata luguden wuta na awa ɗaya da rabi, sa'an nan suka afka mata da ƙafa. Shugaban wata igwa, Saje Umrao Singh, ya kama bindiga mai ruwa yana harbi ta saman garkuwar igwar, gurneti ya ji masa rauni har sau biyu, ya kore su. Suka sake dawowa, ya sake kore su, amma mutanensa duk sun faɗi sai biyu. A karo na uku harsashi ya ƙare. Sai ya ɗauki wani sandan ƙarfe mai nauyi da ake ɗaga igwa da shi, ya shiga cikinsu, aka ga ya kayar da uku kafin a yi masa rubdugu. Bayan awa shida, da aka ƙwato wurin, aka tarar da shi a sume kusa da igwarsa, jini ya rufe shi har ba a gane shi, ga gawar Japanawa 10 kewaye da shi. Igwar kuwa ba abin da ya same ta, aka ci gaba da harbi da ita a ranar. Ya rayu, Sarki Joji na 6 ya rataya masa lambar a fadarsa cikin Oktoban 1945, bai rasu ba sai 2005. Na biyun shi ne Sher Shah, Musulmi daga Punjab, wanda cikin Janairun 1945 ya yi rarrafe shi kaɗai har sau uku cikin dare zuwa tsakiyar abokan gaba yana harbinsu, na ukun da ƙafarsa a ragargaje, a nan aka kashe shi.

Ba mai hankalin da zai ce waɗannan biyu ba su cancanta ba. Amma abin da ke tsaya wa mutum a rai shi ne, daga kafa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19 har zuwa samun mulkin kai, a Kamaru da Tanganyika da Habasha da Burma, ba a taɓa ba baƙin sojanta ko guda lambar V.C. ba. Sojojin Indiya an buɗe musu ƙofarta tun cikin 1911. Na Afirka kuwa sai aka yi musu wata lambar D.C.M. tasu ta daban, ba a haɗe ta da ta sauran sojoji ba sai cikin 1942. Da wuya a yarda cewa cikin dubun dubatar mutane, a yaƙin duniya biyu, ba a samu ko ɗaya da ya yi abin da ya kai na Umrao Singh ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne an yi, amma alƙalamin ba ya hannun waɗanda suka gani.

Turawan da suka jagorance su dai sun samu. Cikin Nuwamban 1914, a Kamaru, Kyaftin Butler ya samu V.C. bayan ya kai hari da sojojin Gwalkwas 13. Tun kafin nan ma, cikin Fabrairun 1903, a yankin Kwatarkwashi, Laftana Wallace Wright da hafsa ɗaya da sojoji 44 suka yi karo da dakarun Kano waɗanda ke komowa daga Sakkwato. Takardar yabonsa ta ce ya tare dawaki 1,000 da dakaru 2,000 har tsawon awa biyu. An ba Wright V.C., ya kuma zo ya zama janar. Sojoji 44 ɗin nan da suka durƙusa suka yi harbin baƙar fata ne, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma wasu jarumai a filin nan da ba a lissafa ba sam, watau mahayan da suka yi ta sukuwa da takobi da mashi suna tunkarar bakin bindiga, suna faɗuwa, na baya suna tsallake su. Wazirin Kano Ahmadu ya rasa ransa a gwabzawar da aka yi a wannan yanki. Babu gwamnatin da ta rage da za ta buga musu lamba, domin an ci ƙasarsu da yaƙi.

Wannan ne ya sa labarin Chari yake da amfani fiye da yawan ƙarafan da ke ƙirjinsa. Lamba takan nuna abin da mai bayarwa yake so a yi koyi da shi, takan kuma nuna wanda yake ganin ya isa a yaba. Jamus ta yaba masa domin ya kare mata Kamaru, Ingila ta yaba masa domin ya taya ta ƙwace Habasha, kowacce bukatarta take dubawa. Amma da yake masu gaba biyu, waɗanda ba su yarda da juna a kan komi ba, kuma dukkansu ba su ɗauki baƙin mutum a bakin komi ba, sun duba mutum ɗaya a tsakanin shekara 25 sun ga abu ɗaya, to shaidar ta yi ƙarfin da shaidar gefe guda ba za ta yi ba. Yaron da ya tsaya a ganuwar Garwa shi ne dattijon da ya tsaya a fagen yaƙin Habasha, kaki ne kawai ya sauya.

Bayan yaƙi abubuwa suka fara motsi, ko da yake a hankali. A Gwalkwas an riga an ba Seth Anthony muƙamin hafsa tun cikin 1942, ya kuma yi yaƙin Burma har ya kai manjo. A Nijeriya sai cikin 1948 aka samu hafsa na farko ɗan ƙasa, Louis Ugboma, cikin 1949 kuma Wellington Bassey da Aguiyi-Ironsi da Samuel Ademulegun suka biyo baya. Dukkansu masu ilmin boko ne. Ƙofar ta buɗe ne ta wajen takarda, su Chari kuwa, waɗanda makarantarsu ita ce filin fareti da ramin harbi, lokaci ya riga ya wuce su.

Cikin 1953 aka tafi da shi Landan cikin wakilan Rejimantin Nijeriya wajen bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta 2, wanda aka yi ranar 2 ga Yuni. A wannan shekara ya ajiye aiki, aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa, watau yana da suna da taurari a kafaɗa, amma ba kamfanin soja da zai jagoranta. A shekarar nan dai wani saurayi daga ƙasar Barno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila da tauraronsa na ƙaramin laftana. Cikin shekara 13 ya riga ya zama Birgediya, yana riƙe da birged guda a Legas, lokacin da masu juyin mulki suka kashe shi a daren 15 ga Janairu 1966.